Mastas, kwas na kuɗi, ko fili? Ga mai son koyon aikin tsaftace gurɓatacciyar ƙasa da ruwa

Wani ƙanena da ya gama bautar ƙasa bara, jiyoloji ya karanta, ya yi kusan wata biyu yana bina da tambaya ɗaya. Yana da ɗan abin da ya tara daga alawus, kuma ransa na kan aikin gyaran ƙasa da ruwan da guba ta shiga, to ya koma mastas ne, ko ya biya kuɗin kwasa-kwasan nan masu satifiket da ake ta turowa a WhatsApp, ko ya riƙe wayarsa ya yi ta karatun kyauta har Allah Ya kawo aiki? Na ba shi amsa a tsaitsaye, daga baya na lura ashe ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da ɗan tsawo, wanda ya karanta kemistiri ko injiniyan ruwa ko kimiyyar ƙasar noma shi ma zai samu nasa a ciki.

Kafin a zo maganar makaranta, fara tambayar kanka wace guba za ka fuskanta. Don aikin ba ɗaya ba ne. Dalma daban, mai daban, kuma wanda ya ƙware a ɗaya in ka kai shi ɗayan sai ya koma ɗan koyo.

Mu a Arewa abin da ya fi cin mu shi ne ƙarafa masu guba. Kowa ya tuna 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, Dareta, Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji da sauransu, sama da yara 400 aka rasa, Allah Ya jiƙan su. Dutsen da ake fasawa a nemi zinare cike yake da dalma, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. A wasu gidajen an samu dalma a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wurin zama 400 ne. To ita dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, ko shekara ɗari za ta yi tana nan. Maganinta a kankare saman ƙasa, kamar santimita 5, a zuba a buhu, a kai rami na musamman a binne, a kawo ƙasa mai tsafta a shimfiɗa, a sake aunawa. Da fartanya da shebur da baro aka yi yawancin aikin nan, ba da wasu manyan injuna ba. Kuma likitoci ba sa fara ba yaro maganin wanke jini sai an gyara gidan da zai koma, shi ya sa Bagega ta daɗe tana jira har 2013 kafin kuɗin gwamnati su fito a yi aikin. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ga kuma ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharada da Bompai a Kano mai ɗauke da kuromiyom, wanda wani sashensa ke gangarawa inda ake noman rani.

A Kudu kuwa mai ne. Rahoton UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin, wata guba da ke cikin mai, sama da ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, har an samu mai ya kwanta kaurin santimita 8 a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, da dala biliyan 1 don shekaru biyar na farko. Shi mai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna iya cinye shi in ka ba su iska da taki da danshi, amma yana tafiya, yana nutsewa, yana bin ruwa zuwa rijiyar da ke nesa. Rahoton ma ya soki yadda ake juya saman ƙasa kawai a ce an gyara, alhali a wurare 49 man ya nutse aƙalla mita 5. Kada ka ɗauka wannan matsalar ’yan Kudu ce kaɗai fa, duk garin da ke da tsohon gidan mai da tankinsa na ƙasa ya tsatsa, ko garejin da ake zubar da baƙin mai shekara da shekaru, yana da ƙaramar Ogoni tasa.

Toh, yanzu hanyoyin.

Na fara da ta kyauta don ita ce mutane suka fi rainawa, kuma wallahi ita ce ta fi ba ni mamaki. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana da wani rumbu da ake kira CLU-IN, cike da laccoci da aka naɗa da takardu kan kowace dabara, tun daga zuƙo ruwa a tace a mayar, zuwa hura iska cikin ƙasa don fitar da tururin mai, zuwa gina katangar garin ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa da ruwa zai ratsa ya bar gubarsa. Akwai ITRC, ƙungiyar hukumomin muhalli na jihohin Amurka, su ma horonsu kyauta ne kuma masu aikin ne da kansu ke koyarwa. Akwai Groundwater Project da ke raba littattafan ruwan ƙarƙashin ƙasa kyauta, manyan malaman fannin ne suka rubuta. Manhajar MODFLOW ta hukumar jiyoloji ta Amurka, USGS, da ake lissafin tafiyar ruwa da ita kyauta ce, QGIS ta zana taswira ita ma haka. Hukumar jiyoloji ta Birtaniya kuma ta yi Africa Groundwater Atlas, akwai shafin Najeriya, akwai na Nijar da Chadi da Kamaru da Gana. Kuɗin data kawai za ka kashe, kuma in ka sauke da daddare ka saurara da rana ma ya rage.

Amma tana da illa biyu. Ta farko, babu mai tsare ka, in ba ka da naci mako biyu za ka yi ka watsar. Ta biyun ta fi girma, kusan duk misalan na Amurka ne, da dokarsu da kuɗinsu da irin ƙasarsu. Za ka ji ana ta bayanin guba na tafiya a hankali cikin yashi, kai kuma a Kano ko Kaduna ko yawancin Zamfara dutse ne a ƙasa, ruwa na zaune ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsage-tsagensa, guba na iya bin tsaga ɗaya ta tsallake rijiyar maƙwabci ta faɗa ta gida na biyar. Sakkwato da Barno kuma labarinsu daban, can shimfiɗun yashi da yumɓu ne hawa-hawa. Wannan ba wanda zai koya maka a laccar da aka naɗa a Kalifoniya. Sannan ba ka fita da takardar da za ka nuna a intabiyu.

Sai kwasa-kwasan kuɗi. Wanda aka fi ji shi ne HAZWOPER na awa 40. Ya kamata a gane mene ne shi, dokar kare ma'aikata ce ta Amurka, tana cewa duk wanda zai shiga wurin da ke da shara mai haɗari sai ya yi horon awa 40, da kwana uku a fili ƙarƙashin wanda ya ƙware, sannan kowace shekara ya sabunta da awa 8. Abin da yake koya maka shi ne yadda za ka tsira da ranka, yadda ake sa takunkumin numfashi, yadda ake raba fili gida uku, inda guba take da inda ake wanke jiki da inda ake hutawa, yadda za ka cire kayan aiki ba ka kai wa ’ya'yanka ƙurar gida ba. Wannan ilimi ne mai daraja ƙwarai, musamman in ka tuna yadda ƙura a jikin riga ta halaka yara a Zamfara. Amma ba ya koya maka tsaftace ƙasa. Ba zai gaya maka inda za ka haƙa rijiyar sa-ido ba, ko yadda za ka karanta sakamakon gwaji. Kuma ba dokar Najeriya ba ce, don haka in ba kamfanin da kake nema ne ya rubuta yana so ba, kar ka zuba duk ajiyarka a kai. NEBOSH ta Birtaniya ita ma ta kiyaye lafiyar ma'aikata ce, kamfanonin mai sun san ta sosai, tana buɗe ƙofa a Fatakwal da Warri, amma ita ma ba ilimin ƙasa da ruwa ba ce.

Abin da nake jin tsoro a nan shi ne masu kwas na kwana biyu a ɗakin otal, a haska maka hotuna a bango, a ci abinci, a ba ka satifiket mai zinare a gefe. Kafin ka biya ka yi tambaya uku kawai, wa zai koyar kuma wane fili ya taɓa gyarawa, za a fita waje a taɓa kayan aiki ko a'a, kuma wace hukuma ce ta san da takardar. In aka fara kame-kame, riƙe kuɗinka. Gajeren kwas da na fi natsuwa da shi shi ne irin na Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, tun 1979 take, kuma aikinta kenan, haƙar burtsatse, gwajin ingancin ruwa, binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ba kwas ne na tsaftace guba kai tsaye ba, amma rabin aikin nan sanin rijiya ne. Mai son ɓangaren mai kuma ya duba PTI, cibiyar horar da ma'aikatan mai da ke Effurun a jihar Delta.

Bari in ba ku abin da ya sa nake nanata fili. Farkon shigata aikin nan an tura mu wata unguwa, mutane na kukan rijiyoyinsu na warin fetur, akwai gidan mai a bakin titi. Da ka leƙa rijiyar warin zai buge ka, in aka ja guga har wani ɗan sheƙi-sheƙi kake gani a saman ruwan kamar bakan gizo, wata uwa ta nuna mana randarta ta ce ko shayi ta dafa sai an ji. Muka ɗebi ruwa a gorar roba, ba mu cika ta ba, muka jefa a but ɗin mota, rana ta dake shi wuni guda, washegari aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito wai kusan babu komai. Ai benzin tururi yake zama, ya gudu cikin iskar da muka bari a gorar da zafin but. Yadda ake yi shi ne ’yar ƙaramar kwalbar gilashi ta mililita 40, a cika ta har ruwan ya yi tozo, a rufe, a kife a ga ko ɗigon kumfa babu, a sa a kula da ƙanƙara, a rubuta lokaci da wuri da sunan wanda ya ɗiba da wanda ya karɓa. Na ƙarafa kuma kwalbarsa daban, ana ɗiga masa asid don kada dalmar ta manne a jikin roba. Abin ya daɗe yana damuna, don waccan takardar da ta ce ruwan lafiya lau za a iya ɗaukarta a nuna wa mutanen unguwar a ce su yi shiru, kuma da hannunmu muka jawo. Duk mun yi digiri, ba wanda aka taɓa nuna wa wannan a aji.

Shi ya sa a wurina koyo a fili ya fi kowace hanya saurin mayar da mutum ma'aikaci. Dubi Zamfara ma, ƙwararrun TerraGraphics da suka zo daga jihar Idaho ta Amurka, inda suka daɗe suna gyaran yankin ma'adinai na Bunker Hill, ba su kaɗai suka yi aikin ba, ma'aikatan ma'aikatar muhalli ta jiha da matasan ƙauyukan suka koya wa, yadda ake riƙe na'urar XRF, wadda kamar bindigar hannu take, ka ɗora ta a ƙasa cikin ƙasa da minti ɗaya ta nuna maka yawan dalma, yadda ake zana taswirar gida ɗaki-ɗaki, yadda ake tabbatar da cewa ƙasar da za a kawo ita kanta mai tsafta ce. Gani ya kori ji. Inda za ka nemi irin wannan dama, kamfanonin da ke yin rahoton tasirin ayyuka ga muhalli, waɗanda Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ko NESREA, hukumar sa ido kan dokokin muhalli, suka yi wa rajista, ɗakunan gwajin ruwa na jiha da na jami'o'i, masu haƙar burtsatse na gaske waɗanda ke rubuta abin da suka ratsa mita-mita, ’yan kwangilar HYPREP, shirin gwamnati na tsaftace Ogoni, da ƙungiyoyi irin Pure Earth, wadda a da ake kira Blacksmith, da ke horar da masu binciken wuraren guba a ƙasashe da yawa.

Illarta ita ce ba ta da tabbas. Aikin na zuwa ne da kwangila, in kuɗi suka ƙare a watse. Farko ba za a biya ka abin kirki ba, wani wurin ma kuɗin mota kawai. Za ka iya faɗawa hannun ubangidan da shi kansa bai iya ba, ka kwashi kuskurensa ka ɗauka ilimi ne, irin na gorarmu ta roba. Ga kuma matsalar tsaro, yawancin ƙauyukan haƙar zinare yanzu ba wurin da za ka ɗauki jaka ka tafi kai kaɗai ba ne, kar son aiki ya sa ka shiga inda ba ka da masu masauki da izinin hukuma da na sarakuna.

Mastas fa? Ina ganin darajarta sosai, amma a lokacinta. Ita ce ke raba mai ɗibar samfur da mai tsara aikin gaba ɗaya, wanda zai ce guba daga nan ta taso, nan ta nufa, shekara kaza za ta kai rijiyoyin can, ga dabarar da ta dace da kuɗin da ake da su. Wannan sai da lissafi da kemistiri mai zurfi, kuma da wuya mutum ya haɗa shi shi kaɗai a waya. A gida akwai ABU Zariya da sashen jiyoloji da na injiniyan albarkatun ruwa da muhalli, akwai BUK, akwai Jami'ar Fatakwal ga mai son ɓangaren mai. Kuɗinta da sauƙi in aka kwatanta da waje, kuma bincikenka a kan ƙasarmu zai kasance. Sai dai kowa ya san halin da ake ciki, shekara biyu kan zama uku ko huɗu, na'ura ta lalace ba a gyara ba, ɗalibi ne zai biya kuɗin gwajin kowane samfur daga aljihunsa, shi ya sa za ka ga bincike da samfur goma an yanke hukunci a kan gari guda. Shawarata, malami za ka zaɓa kafin makaranta. Nemi wanda ke fita fili yanzu-yanzu, ka tambayi ɗalibansa na baya a ɓoye shekara nawa suka yi.

Ta waje kuwa, IHE Delft a Holan ta yi suna a harkar ruwa, jami'o'in Ingila da yawa mastas ɗinsu shekara ɗaya ce kuma za ka taɓa kayan aikin da a nan sai a hoto. ’Yan uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci suna da 2iE, cibiyar koyar da injiniyancin ruwa da muhalli a Wagadugu, kuma su ma aiki na jiran su, don tun da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a yankin Arlit a 2021 maganar tulin sharar da aka bari da ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ta mutu ba. Amma kar a sayar da gona ko fili don wannan, da sikolashif ake zuwa, na PTDF, asusun bunƙasa fasahar mai, ko na Commonwealth da makamantansu, kuma masu tantancewa sun fi sauraron wanda ya ce na auna rijiyoyi talatin a unguwa kaza ga abin da na gani, a kan wanda ya ce yana da sha'awar muhalli kawai.

Duk hanyar da ka bi akwai karatun da ba makawa, dokarmu. NESREA da aka kafa a 2007 ita ke kula da yawancin gurɓatar masana'antu, NOSDRA ta 2006 ita ce ta malalar mai, kuma a harkar mai akwai kundin EGASPIN da ya sa 5,000 miligiram na mai a kilo ɗaya na ƙasa a matsayin inda dole a shiga gyara, 50 kuma a matsayin inda ake son a kai. Ka haddace iyakokin ruwan sha na Hukumar Lafiya ta Duniya ma, dalma 10 maikurogiram a lita, benzin 10, kuromiyom 50. Mai jiyoloji ya yi rajista da hukumarsu ta COMEG, injiniya da tasu ta COREN, don sa hannu a rahoto sai da su.

Ƙannenmu mata, wannan aikin yana neman ku fiye da yadda kuke zato. Gubar Zamfara a tsakar gida take, inda baƙon namiji ba ya shiga kai tsaye, kuma uwa ce ta san inda yaro ke wasa, inda aka taɓa shanya garin dutse, turmin da aka daka shi a ciki aka koma ana daka gero. Macen da ta iya na'ura kuma ta iya zama a tabarma ta yi bayani da Hausar da za a gane, samunta sai an tona.

Abin da na ce wa ƙanen nawa a ƙarshe shi ne kar ya taɓa kuɗin nan tukuna. Tunda a Arewa zai zauna, ya ba ƙarafa da rijiyoyi ƙarfi, ya ware wata shida, kullum awa ɗaya na CLU-IN ko littafin Groundwater Project, ya koyi QGIS har ya iya ɗora rijiyoyin unguwarsu a taswira, da rana kuma ya liƙe wa wani ɗakin gwaji ko masu burtsatse ko da kyauta ne. In wani kamfani ya ce sai da takardar kiyaye lafiya, a lokacin ya biya. Mastas kuma bayan shekara ɗaya ko biyu, sa'ad da ya riga ya san tambayar da yake son amsawa. Da Fatakwal zai nufa da na juya masa tsarin, takardar kiyaye lafiyar ce za ta zo farko don ba a barin ka ko ƙofar fili ba tare da ita ba. Yanzu haka ya fara, makon jiya ya turo min hoton littafinsa, ya auna zurfin ruwa a rijiyoyi goma sha ɗaya da igiya da ɗan ƙarfe a baki, ya rubuta tazarar kowacce da masai da kwata, zai sake aunawa in damina ta sauka.